Ranar da Baba Ya Rantse a Kotu

Ni 'yar fari ce, kuma a danginmu 'yar fari ba ta iyayenta ba ce. Ana yaye ni aka ɗauko ni daga Kusada aka kawo ni Kankia, gidan yayan mahaifina, wanda Allah bai ba shi haihuwa ba. Shi nake kira Baba. Mahaifina kuwa Baban Kusada nake ce masa, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In ya zo cin kasuwa ya biyo ta gidanmu, sai ya tambayi lafiyar awaki, ya tambayi ya ciniki, can da zai tashi, yana kallon bango, ya ce, "Waccan fa, tana nan ƙalau?"

Baba tela ne, shagonsa na bakin titi inda motocin Kano da Katsina ke tsayawa. Ranar da ya kai ni firamare, malamin da ke rubuta yara ya tambayi sunan uba, Baba ya faɗi nasa ko gezau bai yi ba. Haka sunan ya bi ni sakandare, ya bi ni har jami'a. Duk takardar da na kawo gida sai ya goge hannunsa a riga ya karɓa. Ba ya karatun boko, amma ya san siffar sunansa, sai ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Ko ba a gaji kekena ba, an dai gaji wannan."

Jami'ar da na samu tana da nisa, yini guda ake yi a mota. Shekara biyu na yi a can ina karanta ilimin sinadarai. Na sha gari da ƙuli har na daina jin ɗanɗanonsa, na ɗauki darasi a tsaye a bakin taga don ɗaki ya cika, kuma ban taɓa faɗuwa ko kwas ɗaya ba. Ina shirin shiga aji uku aka bugo mini waya cewa Baba ya faɗi a shago. Da na iso na tarar ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Matarsa ta rasu tun ina sakandare. Maƙwabta sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kowa da nasa gidan.

Sai na yanke shawarar dawo da karatuna wata jami'a ta kusa, wadda zan iya fita da safe in dawo kafin magariba. A tunanina abin mai sauƙi ne, kamar a sauke buhu daga wannan mota a ɗora a waccan. Tsohuwar jami'ata ta ce ba za ta aika da sakamakona ba sai na sa hannu cewa na bar ta. Na sa hannu da saurina, har ina yi wa matar ofishin godiya.

A sabuwar jami'ar, jami'in da ke karɓar masu sauyin makaranta ya duba sakamakona, ya duba katina na ɗan ƙasa, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Malama, ke mutum biyu ce."

Gaskiyarsa. Katin nan a Kusada na yi shi, lokacin da na je wani biki na tarar masu rajista sun sauka a makarantar firamare. Aka tambaye ni sunan mahaifi, ga gwaggannina tsaye a layi suna saurare. Sunan wa zan faɗa? Na faɗi na wanda ya haife ni, na koma wajen biki na manta. To ashe kwamfutar sabuwar jami'a daga katin take ɗauko suna, ba ta kuma san riƙo ba. Na ce a gyara katin mana. Ya ce kafin a gyara an rufe karɓa. Hanya ɗaya ce ta rage: wani babba daga cikin iyayena ya je kotu ya rantse cewa mai sakamakon nan da mai katin nan mutum ɗaya ce, kuma sunan da ke kan kati shi ne na ubanta na gaskiya.

Washegari na hau mota zuwa Kusada. Na sami Baban Kusada a gona suna yankan dawa. Na durƙusa nesa kaɗan na yi masa bayani tiryan-tiryan, shi kuma yana ta gyara ɗaurin dami bai ko dube ni ba. Da na gama ya ce, "Yanzu ni za ni tahi gaban alƙali, yayana shina raye, shina kwance, in ce abin da na ba shi nawa ne? Mi mutane za su ce da ni?"

Na ce, "Baba, takarda ce kawai. Shekara biyu za su tafi a banza."

Ya ce, "Kyauta ba ta komawa gida. Ki gaishe shi."

Na tashi raina a ɓace. Duk hanya ina faɗa da shi a zuci. Kunyar da ta hana shi kiran sunana na yafe ta tun ina yarinya, amma kunyar da za ta cinye mini karatu ban ga amfaninta ba. Ban dai faɗa masa ba, don ba a yi mini tarbiyyar haka ba, kuma wannan ma ya ƙara mini haushi.

Na yi niyyar ɓoye wa Baba. Amma ina ba shi kunu da yamma ya kawar da kai daga cokali ya ƙura mini ido, har sai da na faɗa masa komai. Sannan ya ce, da bakin nan nasa da sai ka matso kake fahimta, "Ƙanena ya yi daidai. Ɗauko mani babbar rigata."

Na ce ba za a yi haka ba. Na ce na haƙura, zan nemi wata dabara. Ya ce, "Wa ya rage? Ni na rubuta, ni za ni goge."

Maƙwabcinmu mai motar ɗaukar hatsi shi ya kai mu. Mu biyu muka tallabe shi muka shigar da shi ofishin magatakarda, sanye da shuɗiyar rigar da ya yi wa aiki da hannunsa tun yana da ƙarfi. Magatakardan mutumin kirki ne, ya ba shi kujerarsa, ya karanta masa abin da aka buga, ya fassara masa da Hausa. Sai ya ce dole ya ji daga bakinsa.

Baba ya ce, "Ba ni na haife ta ba."

Maganar ta fito a dunƙule. Magatakarda ya matso da kunnensa ya ce, "Yi haƙuri, Baba, ban ji ba."

Baba ya tattara ƙarfinsa, ya raba kalmomin ɗaya bayan ɗaya yadda har masu jira a baranda suka ji. Duk Kankia babu wanda bai san haka ba, amma tun da aka kawo ni a goye ba a taɓa furta shi a gabansa ba, balle a bakinsa. Da aka zo dangwala yatsa, hannun dama ya mutu, na hagu kuma babu ƙarfi. Ni na riƙe masa wuyan hannu, na kai yatsan kan tawada, na danna shi a kan takardar. A mota muna dawowa ya yi ta kallon titi, ni kuma ina kuka a cikin mayafi don kada ya ji.

Na kai takardar. Jami'in ya ce yanzu na zama mutum ɗaya, saura kwamitin sashe ya zauna. Na yi ta zarya. Yau shugaban sashe ya yi tafiya, gobe ba su cika ba, jibi ana jarrabawa. Direbobin tasha har sun san ni, suna ce mini 'yar jami'a, ni kuma ina amsawa don ban san me zan ce ba. Kullum na dawo Baba zai ɗaga gira, in ce masa tukuna.

Ranar da suka zauna, wani malami ya kira ni ya zaunar da ni, ya yi mini bayani cikin mutunci, wanda na fi so a ce zagina ya yi. Kwasa-kwasan da na yi a can ba su yi daidai da nasu ba. Abin da muka yi a zango ɗaya su a biyu suke yi, abin da suke koyarwa a aji ɗaya mu sai a aji uku za mu yi shi. Da suka tace, abin da ya rage bai kai ya shigar da ni aji biyu ba, su kuma ba sa karɓar mai sauyin makaranta a aji ɗaya. Ya ba ni shawarar in sake rubuta jarrabawar shiga jami'a in faro daga tushe, wai ai ni yarinya ce. Na buga wa tsohuwar jami'ata waya a bakin ƙofar, matar nan da na yi wa godiya ta tuna mini cewa da hannuna na sa hannu. Ba tsuntsu, ba tarko.

Na dawo gida la'asar sakaliya. Baba yana kan tabarma a inuwar zaure, inda maƙwabta suka fito da shi. Ya ɗaga gira. Na zauna kusa da ƙafarsa na ce, "Baba, ba su karɓa ba."

Ya ce, "Rantsuwar?"

Na ce, "Ita sun karɓa. Karatun ne ba su karɓa ba."

Sai ya ce, "To in ba su so, su maido mani abina."

Na yi dariya, don na zaci wasa yake yi irin nasa na da. Da na dubi fuskarsa na ga ba wasa ba ne. Na ce masa zan je in tambaya, alhali na san babu tagar da ake mayar da irin wannan.

Bai sake tayar da zancen ba. Ina nan ina yi masa wanka da wanki, na buɗe shagon ina ɗinka kayan yara, littattafan sinadarai suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Bayan 'yan kwanaki wani tsohon abokin cinikinsa daga Yashe ya zo dubiya. Na kawo masa ruwa, ya dube ni ya ce, "Wannan ita ce ɗiyar taka mai karatu?"

Baba mutum ne da bai taɓa wasa da rantsuwa ba. Ya ce, "Ɗiyar ƙanena ce."