Shekarun Takarda

Na daɗe ina zaune a Dumega alhali jikina yana Dogon Dutsi yana karantar da yara. Sai in rubuta musu lissafi a allo, in jingina da taga ina kallon jan dutsen nan, hankalina ya sulale ya gangara fadamar gidanmu. Can nake ganin kaina cikin tsohuwar riga, ina ban ruwa ga zogala da rogo, iska tana kaɗa rake a bayana, Inna tana zaune a inuwa tana ɓarar gujiya tana faɗa mini duk abin da ban yi daidai ba. Ta tsufa ƙwarai, ita kaɗai ta rage mini cikin iyaye, kuma ba abin da nake so kamar in ajiye alli in koma kusa da ita tun tana gane muryata.

Don haka na buɗe asusun ritaya. Wani abokin aikina mai son dogon bayani ne ya kai ni. Ya ce kowane wata za a cire wani abu daga albashina kafin haraji ya taɓa shi, kuɗin su yi ta kwana suna ƙaruwa, ba mai buɗewa sai na cika hamsin da biyar. Kullewar ce ta fi burge ni, don ni ban iya cewa babu ba. In ɗan'uwa ya zo da maganar suna ko taki, sai in baje hannu in ce a kulle suke, in rantse, kuma ban yi ƙarya ba. Matata ta ce sau ɗaya na taɓa yin wayo, shi ma wani ya yi mini.

Na yi ta ƙirga damina. Shekaruna kuwa na san su sarai, don mako ɗaya aka haife mu da ɗan kawuna, shi kuma ba ya ɓata lissafi. Daminar da muka cika hamsin da biyar na sa aka gyara ɗakin marigayi Baba, na sayo dashen mangwaro, har na fara yi wa mutane bankwana a kasuwa. Sannan na sa babbar riga na tafi ofishin asusun.

Matar da ke wurin ta karɓe ni da fara'a, ta duba takarduna, ta sake dubawa.

"Mushe," ta ce a hankali, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, "ai saura shekara huɗu."

Ta juyo mini takardar haihuwata, sai na tuna. Lokacin da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, na riga na yi girma, ina bin awaki. Baba yana so in yi karatu, sai ya tsaya gaban mai rubutu ya rage mini huɗu, shaidu biyu suka gyaɗa kai. Rabin ajinmu haka aka yi musu. Duk rayuwata ina miƙa takardar nan, amma ban taɓa ɗaukar ta da gaske ba, a raina shekarun gida su ne shekaru. Matar ta ce in na matsa za a buɗe, sai dai haraji da tara za su cinye abin da zan rayu da shi. Na yi godiya na fito, kunya da baƙin ciki sun cika ni.

Ran asabar na hau kabu-kabu zuwa Dumega. Na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta, sai da na yi magana sau biyu ta gane ni. Na faɗa mata komai. Ta yi dariya har tari ya kama ta, ta ce ta tuna ranar, an aske mini kai don in yi kama da ƙaramin yaro. Sannan ta laluba ta kama hannuna, ta daɗe tana riƙe da shi.

"Koma ga aikinka," ta ce. "Ubanka ya ba ka huɗu kyauta. Ni kau ban da takarda, ba mai ƙara min."