Yeom Hye-ran da Babban Gogenta

Mun daɗe muna zama kafaɗa da kafaɗa da Yeom Hye-ran a ƙungiyar makaɗan garinmu, Mokpo, kowacce rungume da babban gogenta tsakanin gwiwoyi. Ita ce shugabar layinmu na masu goge. Tsofaffin kaɗe-kaɗen Turai a kanta suke, in ta ja baka a kan tsirkiya har madugunmu lumshe ido yake yi.

Tana dab da cika hamsin wani mai tsara kiɗa, Pyo Tae-o, ya kawo mata sabon aiki. So yake ta riƙa dukan cikin gogen da tafin hannu kamar ganga, ta sa tsirkiya kukan tsuntsun teku, wata tsohuwa daga kasuwar kifi tana rera waƙar masunta. Manyan makaɗa sun riga sun ƙi. Hye-ran ta gwada a gabansa, ta ƙyalƙyale da dariya, ta karɓa.

Muna cin taliya mai sanyi na tsokane ta. "Yaya, da girmanki za ki koma kiɗan kwalla?"

"Ke dai ci taliyarki," in ji ta. "Na gaji da aikin waɗanda suka mutu. Ina son mai rai, wanda zan yi wa gardama."

Ta ajiye kujerarta, ta bar ƙungiyarmu. Wasan farko rabin zauren wayam, wata jarida ta ce kiɗan kamar tsohuwar ƙofa ce take ƙara. Abin ya yi mata ciwo, amma ta zaunar da Tae-o, ta sa ya zubar da duk abin da burga ce kawai. Da suka sake fitowa sai ga gayyata daga Seoul, daga nan Osaka da Taipei. Masu tsara kiɗa suka fara rubutu musamman dominta.

Daga baya ƙungiyarmu ta roƙe ta ta dawo a matsayin babbar baƙuwa. Ta amince, da sharaɗin za ta kaɗa tsohon kiɗa, ta ɗora sabo. Ranar Lahadi da rana zaure ya cika maƙil, masu kwat da matan kasuwar kifi a jere. Da ta sauke bakan gogenta kowa ya miƙe, aka yi ta tafi har hannuna ya yi zafi.

Tana mayar da gogen cikin akwati ta ce mini aikinta na gaba goge biyu yake buƙata, kuma ran Talata za a fara. Na ce zan yi tunani. Ran Talatar ni na riga ta isa.