Malama Dinah, Wadda Ta Ƙi Cire Suna Bakwai

Kowace safiya, kafin 'yan kabu-kabu su cika bakin kasuwar Zuru, Malama Dinah Aaron ta riga ta share ajinta na yaƙi da jahilci, ta jera wayoyi huɗu a kan tebur tana duba wadda ke da caji. Tsofaffi ne duka, ɗaya ma gilashinta a tsage. Gida-gida ta bi ta roƙo su. Shekara ashirin da bakwai tana koya wa manya karatu, a watan nan ta ajiye aiki.

Yawancin ɗalibanta kan kama karatu cikin wata shida. Amma akwai waɗanda haruffa ba sa tsaya musu. Cikinsu har da Talle, manomi daga Dabai, mai 'ya'ya biyar. Da ya dubi takarda sai layi ya hau layi, "b" ta koma "d". Wata damina ya ɗauki maganin ciyawa a zaton na ƙwari, ya fesa wa wakensa, gonar ta ƙone ƙurmus. Kunyar abin ce ta kawo shi ajin Malama.

Wata rana wani jami'i mai duba azuzuwa ya zo, ya buɗe rajista a gaban kowa. Ya ce, "Madam, mutum bakwai ɗin nan sau uku suna faɗuwa. Ki cire sunansu, ki ba wasu benci. Kansu ba ya ja."

Talle ya miƙe zai fita, kansa a ƙasa.

"Zauna, Malam Talle," in ji ta. Ta juya ga jami'in. "Ranka ya daɗe, mutumin nan yana warware injin ban-ruwa ya mayar, ko noti ɗaya ba ya saura. In bai karanta ba, mu ne ba mu gano hanyarsa ba. Ba na cire kowa. Ka rubuta cewa na ƙi."

Ya kuwa rubuta. Takardar gargaɗi ta iso bayan mako biyu, ta linke ta ta sa a jaka, ta shiga mota sai Birnin Kebbi. Ofis uku ta shiga tana tambayar kayan taimako ga manya masu irin wannan matsala. Wani ya ce na makafi kawai ya sani, wani ya ce ta kawo yara, wani ya yi mata dariya. A tafiya ta biyu ta samu wata malamar ilimi na musamman, wadda ta zaunar da ita ta ce mata wasu haka aka halicce su, ba lalaci ba ne, ba aljanu ba ne, kuma wayar hannu kanta tana iya karanta rubutu da murya.

Malama Dinah a lokacin kira da amsawa kaɗai ta iya da waya. Ta tare a rumfar Francis mai gyaran waya, kwana da kwanaki, har suka gano inda muryar take. Sai wata matsala: muryar na karanta Turanci tsaf, Hausa kuwa ta dagula ta, C'lela, harshen mutanen Zuru, ko kusa. Ba ta ja da baya ba. Ta riƙa ɗaukar darussa da muryarta, da Hausa da C'lela. Ta ƙara girman haruffa. Ta yanka taga a jikin kwali yadda layi ɗaya kaɗai zai fito.

Ba za mu yi ƙarya ba, har yau Talle ba ya karanta jarida. Amma yana shiga shago shi kaɗai, ya ɗora waya a kan kwalba, ta faɗa masa abin da ke ciki. Yana yi mata magana ta rubuta masa saƙo. Ranar da ya karanta layi uku ta tagar kwali ba tare da an taya shi ba, sai ya tsaya, ya ce, "Malama, ashe ni ba daƙiƙi ba ne?"

Masu surutu suka ce ai waya ce ke karatun, ba shi ba. Ta cire tabaranta ta ɗaga. "To ni ma wannan ke yi mini karatu. Ku zo ku karɓe takardar malantata."

Ke ce, Malama, mai kunnen ƙashi a inda ya dace. Ke ce kika ci gargaɗi, kika sha dariya, kika koyi waya da furfura a kanki, don kada a sallami magidanta da sunan da aka laƙa musu tun suna firamare. Ba a ba ki lambar yabo ba, ba ki nema ba.

Da ta ajiye aiki aka karɓi makullin aji, ta kwashe wayoyinta ta koma koyarwa a barandar gidanta, Talata da Alhamis, yanzu ɗalibanta goma sha ɗaya. Mun gode, Malama Dinah, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu tsohuwar waya a cikin akwati, kun ji inda za ku kai ta. Malamai, duk wanda ya daɗe a bencin baya bai kama ba, kafin ku yanke masa hukunci, ku je barandar nan ku ga yadda ake yi.