Ta Ce Idonta Yana Hazo, Na Miƙa Mata Littafi

Assalamu alaikum, Edita. A shekarun da wannan abu ya faru ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Minna, kuma duk wanda ya san ni a unguwarmu, littattafai zai fara ambata kafin ya ambaci sunana. Ina da wata doguwar kanta a falona da na sa kafinta ya buga mini tun daga ƙasa har kusa da silin, babu ƙagaggen labari ko ɗaya a kanta. Tarihin garuruwa ne, da rayuwar mutanen da suka gabata, da noma, da kiwon lafiya, da tafiye-tafiye. Ba na rowarsu, wannan kam ko maƙiyina zai shaida. Matsalata ita ce na mayar da kaina kamar mai kemis, kowa ya zo da damuwa sai in tashi in zaro masa littafi. Mace ta ce ɗanta ya ƙi jin magana, ga littafin tarbiyya. Wata ta ce kajinta na mutuwa, ga na kiwo. Ni a ganina taimako nake yi. Wannan hali nawa yana cikin abin da ya sa aminiyata ta rasa ido ɗaya, shi ya sa na rubuto.

Aminiyar tawa Banufiya ce 'yar Bida, tana sayar da atamfa a Kasuwar Kure, ta girme ni da 'yan shekaru. Hajiya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malama. Ta yi karatun boko daidai gwargwado, tana karanta Hausa da Turanci, amma in tana magana da Hausa namiji yakan koma mace a bakinta, ni kuwa ba na barin ta ta sha ruwa da tsokana. Ita ma ba ta raga mini, takan ce da surutu ana sayar da shi da na fi ta jari. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun yi aure sun watse, wasu Abuja wasu Kaduna, gidan ya rage daga ita sai bango. Da ta fita takaba sai ta fara zuwa wurina duk Asabar da la'asar, ta ce in zaɓa mata abin karantawa don dare yana yi mata tsawo. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Na fara ba ta tarihin ƙasar Nufe, na ce ta je ta karanta labarin kakanninta ta daina yi mini cika baki da abin da ba ta sani ba. Bayan shi na ba ta wani da nake ji da shi, na yadda layin dogo ya iso garin nan, mai hotunan leburori da tsoffin taragu. Sai na wata ungozoma da ta rubuta rayuwarta a ƙauyuka, wanda ni kaina sai da ya sa ni hawaye. Ina da wata doka da na ɗauko daga aji: in ka dawo da littafi sai ka gaya mini abin da ka tsinta a ciki kafin in ba ka wani. Da farko Hajiya takan faɗi nata, har mu yi musu. Daga baya sai ta canza salo. In na tambaye ta sai ta gyara zama, ta ce ai ni na fi iya faɗa, in fara tukuna ita za ta cike. Ni kuwa abin nema ya samu, sai in ɓalle da bayani har a kira magariba, tana kallona tana murmushi, ba ta cike komai ba.

Wata Asabar tana shirin tafiya, tana lalubar takalminta a bakin ƙofa, ta ce mini a hankali kwanan nan idonta yana yi mata hazo, ga wani ciwon kai da ke zuwa yana tafiya. Ku ji abin da na yi. Ban tambaye ta tun yaushe ba, ban ce gobe mu je asibiti ba. Na ce ta tsaya, na koma ciki da saurina na zaro wani ƙaton littafin kiwon lafiya, na buɗe mata babin ido, na ce ta karanta shi tsaf, akwai bayanin abincin da ke ƙara gani, ta yawaita ganye da karas da manja. Rubutun littafin nan ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa a jaka. Na kwanta a ranar ina jin na yi aikin lada.

Watanni suka wuce ba ta sake ta da zancen ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne littattafan suna dawowa yadda na ba da su, har ɗan tsinken da nakan sa a shafin farko bai motsa ba. Raina ya fara sosuwa. Ni mace ce mai saurin hawa, kuma ba abin da ke ƙona mini rai irin a karɓi littafina a ajiye. Ranar da abin ya fashe akwai wasu malamai mata biyu abokan aikina a falon. Hajiya ta miƙo mini wani littafin tafiye-tafiye, na yi mata tambaya mai sauƙi a kan babin farko, ta ce in fara za ta cike. Na ce yau kam ba zan fara ba. Na kuma ce, da dariya amma kowa ya san ba wasa ba ne, in ba karantawa za ta yi ba ta bar wa masu so, littafina ba matashin kai ba ne. Ta ce gaskiya ne Malama, Allah ya ba da haƙuri. Ta ɗan zauna kaɗan don kada a ce ta yi fushi, sannan ta yi sallama. A ranar ta fita hannu wofi.

Ba ta sake zuwa ba. Ni kuma girman kai ya hana ni bin ta, ina cewa ai ita ce da laifi. Ina nan a haka har babbar 'yarta ta kira ni daga Kaduna, ta ce Mama ta faɗi a matakalar shago ta karye a hannu, kuma da likita ya ga yadda take laluben abu sai ya tura ta sashen ido. Can aka gano hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya mutu, na dama saura kaɗan. Likitan ya ce musu irin wannan ciwo abin da ya ci ba ya dawowa, amma da an zo da wuri da an tsayar da shi. 'Yar ta tambaye ni ko Mama ta taɓa yi mini ƙorafin ido, tunda ni ce aminiyarta. Na ce mata ga ni nan zuwa gidan.

Da na je gidanta na same ta a tsakar gida da hannu a ɗaure. Na durƙusa gabanta, ni da nake taƙama da baki, kuka ya hana ni haɗa magana. Ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri. Ta ce in daina ɗora wa kaina laifin duka, ita ma ta ɓoye, don tana tsoron a ce za a yi mata aiki a ido. Ta ce tun kafin ta yi mini zancen hazon nan, karatu ya fara gagarar ta, amma ta ga in ta faɗa ba ta da sauran dalilin zuwa gidana duk mako, alhali wannan zaman na Asabar shi take jira tun daga Lahadi. Ba littafin take zuwa ɗauka ba, muryar mutum take zuwa ji. Na ce Hajiya, ashe sai da dalili za ki zo gidana? Ta ce to ai ni ce ban taɓa barin kowa ya zauna haka kawai ba. Wannan magana ta yi mini zafi domin gaskiya ce.

Yanzu ni nake zuwa wurinta. Ni nake raka ta asibiti ranar ganin likita, in kuma tsare ta sai ta ɗiga maganinta a gabana, don na san halinta. In mun natsu in buɗe littafi in karanta mata da baki, ta tsayar da ni inda ta ga dama, mu yi musunmu. Wani lokacin ko shafi ɗaya ba ma gamawa, kuma ban damu ba. Ban daina ba da aron littattafai ba, har gobe ina ganin alheri ne, amma na daina yi wa kowa jarrabawa.

Abin da nake so in gaya wa 'yan'uwana masu son karatu shi ne, in mutum ya kawo muku kukansa, ku fara duban fuskarsa kafin ku dubi kanta. In ya ambaci ciwo, musamman na ido, ku kama hannunsa ku kai shi wurin likita, littafin zai jira. In kuma kun ga wanda kuke ba aro ya daina karantawa, ku tambaye shi lafiya, a keɓe, kada ku kunyata shi a gaban mutane yadda na yi. Hajiya ta yafe mini tuntuni, Allah ya saka mata da alheri. Ni ce dai ban gama yafe wa kaina ba, domin har yau in na manta na zauna ta hagunta, sai ta juyo tana nemana, ta ce Malama dawo nan ɓangaren in gan ki.