Majajjawar Kawu Sale ta riga darasina

Shekara bakwai cur da rasuwar Kawu Sale, amma wallahi sai makon jiya na gane abin da ya gaya mini a gonar gero! Ina kallon darasin fiziks a waya, kan abin da yake juyawa yana ƙara gudu, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, manomi a ƙauyenmu wajen Ɗanbatta. In gero ya fara nuna, shi ke korar tsuntsaye da majajjawa. Ya sa dutse, ya fara wulwulawa a hankali, igiya ta soma kuka, sai ya saki. Wata rana ya ce mini, "Ɗan nan, ja biyu ne a igiyar nan. Ɗaya na riƙe dutse kar ya gudu, ɗaya na tura shi gaba." Ni kuwa lokacin ina sakandare, kai ya kumbura. A gaban maƙwabtan gona na ce, "Haba Kawu, igiya ɗaya ai ja ɗaya ne." Aka yi dariya. Ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko ya yi magana." Bai sake tayar da zancen ba.

Ashe ni ne a baya. Igiya na jan dutse zuwa tsakiya, shi ya sa yake zagaye. Amma in kana so ya ƙara gudu, dole hannunka ya riƙa ɗan kewayawa yana gaban dutsen, sai jan ya rabu gida biyu, wani ya koma tura shi gaba. Kuma in gudu ya ninka biyu, jan tsakiyar ninkawa yake huɗu! Shi ya sa Kawu ke tufka igiyar ramarsa riɓi uku, tawa kuwa kullum tsinkewa take. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Yanzu ledoji ake ratayawa a gonaki don korar tsuntsaye, iska na kaɗa su. Da Kawu ya ga darasin nan, na san murmushi kawai zai yi ya ce, "Su ma 'yan bokon sun yarda?"

Ban nemi yafiyarsa ba har Allah Ya karɓi abinSa. Abin da ya rage mini shi ne in faɗa a bainar jama'a: Kawu ne da gaskiya. Allah Ya jiƙansa. Ku fa, wane dattijo kuka taɓa yi wa musu, kuma yana raye har yanzu?