Zauren da Kawu Bai Gama Yaɓewa Ba

Jiya ruwan farko ya sauka a Isa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuno mini da Kawu, tsohon magini. Da na zana ɗakunan ɗalibai na bulo a tsohon gidanmu, na so in rushe zauren. Ya dafa bangon ya ce, "Ɗana, bar zauren ga, za ni yaɓe shi da hannuna. Ɗiyan mutane in sunka zo karatu, ina za su yi sallama?"

Ya rasu bai gama ba, shatin yatsunsa ya tsaya a rabin bango. Na hana kowa ƙarasawa. Yanzu ɗalibai sun cika gidan, amma in na shiga zauren nakan rage murya, kamar alwala ya fita, yanzu zai dawo. Allah ya sanyaya makwancinsa.