Loretta Boykin, wadda ta hana tsofaffin sojoji cewa "lafiya lau"

Ƙarfe bakwai da rabi Loretta Boykin take buɗe ɗan ofishinta a garin Lawton, ta ɗora kofi, ta jera kofuna marasa mariƙi. Da gangan ta sayo su haka. Shekara ashirin da shida tana taya tsofaffin sojoji neman a auna nakasarsu don gwamnati ta riƙa biyansu diyya, kuma kafin mutum ya buɗe baki ta riga ta ga yadda hannunsa ya kama kofin.

Haka ta gano Delbert Haskins, tsohon makanikin jiragen soja. Jijiyar gwiwar hannunsa ta dama ta matse, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu murus. Sau biyu yana zuwa gaban likitan awo, sau biyu ana ƙiyasta nakasarsa kashi goma cikin ɗari, diyyar da ba za ta riƙe gida ba. Ga sifana tana ta suɓuce masa, mai garejin da yake wa aiki har ya fara zancen sallama.

"Me ka gaya wa likitan?" in ji ta.

"Na ce lafiya lau, ranki ya daɗe."

"Lafiya lau? Kai da matarka ke saka maka maɓallin riga?"

"Ai soja ba ya raki."

"Ba fareti za ka je ba, Saje. Ranar da ta fi muni za ka faɗa masa."

Ta sa matarsa ta riƙa rubuta duk abin da ya faɗi daga hannunsa har mako uku: cokali, makullin mota, tiren abinci a taron coci. Ranar awo ya karanta wa likita abin da ta rubuta tas, kunya kamar ta kashe shi. Aka ba shi kashi arba'in. Ya bar gareji da ƙafarsa, ba a kore shi ba.

Loretta, ke ce kika san cewa jarumtar mutanen nan ita ke cutar su. Kin yi musu faɗa, kin ci da su gaba. Mun gode ƙwarai. Masu zama a kujerarki, ku koyi duban hannu kafin takarda.

Jumma'ar da ta wuce aka yi mata walimar ritaya. Tana yanka kek wuƙar ta kuɓuce mata, ta tsaya tana murza yatsu biyu. Shekarun buga takardu sun ci nata hannun. Aka tambaye ta, ta ce lafiya lau.

Delbert ya ja mata kujera, ya ajiye kofi a gabanta. "Zauna, ranki ya daɗe. Ranar da ta fi muni za ki faɗa mana."